Ƙofar Farfesa

Asabar, bayan sallar asuba

Wannan littafin awo ne. A shafukan farko akwai tsawon ƙofofin mutane da faɗinsu, daga nan zuwa gaba kuma tsawon surutuna ne. Gwamnati, wato matata, ta ce in ban samu inda zan riƙa zuba magana ba, kunnenta zai yi ritaya kafin lokacinsa. To ga shi na samu. Takarda ba ta yin tsaki.

Ni kafinta ne, ƙofa ce sana'ata. Makaranta na yi ta har aji biyar, daga nan muka rabu cikin mutunci, kowa ya ga ba ya ƙaruwa da ɗan'uwansa. Wanda ya ga kuskuren rubutu a nan ya kai ƙara wajen hedimastanmu, in ya same shi da rai.

Yau ma na buga ƙofar Farfesa, ba ta amsa ba.

Farfesa 'yata ce ta fari. Kimiyya take koyarwa a sakandare. Tun tana 'yar mitsitsiya na laƙaba mata sunan saboda tambaya, har sai da ta taɓa tambayata wa ya koya wa sauro hanyar kunne. Ta dawo gida tun bayan abin da ya faru. Mijinta ya koma can wajen aikinsa. Suna waya, irin wayar da ba ta wuce "lafiya lau, to madalla".

A gidan nan ni ne agogo. Kafin in fita masallaci da asuba sai na bi ɗaki-ɗaki na buga ƙofa, kowa da irin bugunsa. Na Auta, kafin ya tafi makarantar kwana, da tafin hannu ne da ƙafa, don shi ba barci yake yi ba, suma yake. Na Farfesa da gaɓar yatsa ne, biyu a jere, sannan ɗaya. In ce, "Farfesa, ɗalibai na jiran lacca." Ita kuma daga cikin bargo ta ce, "Ana zuwa, ɗalibi." Haka muke tun haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba.

Gajiya ce. Za ta amsa.

Lahadi, da hantsi

Ashe ba gajiya ba ce.

Muna shan shayi Gwamnati ta ce mata, cikin lallashi, "Kin yi salla kuwa?" Farfesa ta ajiye kofi a hankali kamar mai gudun kar ya ji ciwo. Ta ce, "Mama, ku daina tambayata. Ba na yi. Ba mantuwa ba ce, ba kasala ba ce. Ban yarda akwai wanda yake ji ba."

Gwamnati ta saki cokali, ta hau salati. Ni kuma na ce a miƙo mini sukari tunda yau safiyar ta zo da ɗaci. Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban yi ba, amma ni ai mai ba da dariya ne, ba mai yi ba.

Gwamnati tana ɗaki tana kuka. Na ce mata ta bar mini aikin. Na sha ganin ƙofa ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, mai gida ya ce a ɓalle a sake sabuwa. Ba na ɓallewa. In ta sha iska sai in ɗan fere gefenta, ta koma lafiya. Ni ban damu ba. Na san aikina.

Litinin, bayan la'asar

Na shirya hujja tun a shago, har na gwada ta a kan wani da ya zo sayen sakata, ya ce ba ta da makawa.

Na samu Farfesa a tsakar gida tana duba takardun ɗalibanta. Na jawo kujera na zauna kamar alƙali. Na nuna mata ƙofar ɗakinta, na ce, "Wa ya yi waccan?"

Ta ce, "Kai, Baba."

Na ce, "In wani ya zo ya ce miki katako ne ya taru da kansa, ƙusa ta shiga da kanta, me za ki ce?"

Ta ce, "Zan ce bai san ka ba."

Na ce, "Yawwa! To duniya fa? Da rana, da wata, da wannan ƙaton hancin nawa, duk su suka yi kansu?"

Na jingina da kujera ina jiran tafi. Ta rufe biro. Ta dube ni, ba da raini ba, da ma raini ne da ya fi sauƙi. Ta ce, "Baba, in ka yi ƙofa ta faɗo kan yarinya, wa za a tambaya?"

Na ce ƙofata ba ta taɓa faɗowa ba.

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa kai na yarda da kai."

Na tuna wai na bar gam a buɗe a shago. Ban bar komai a buɗe ba.

Talata, da azahar

Zagaye na farko nata ne. Ai wasa ba a zagaye ɗaya yake ƙarewa ba.

Laraba, da hantsi, a shago

Wata mata ta zo a yi mata ɗan gadon yaro. Na ce aiki ya yi mini yawa, na tura ta wajen na gaba. Aikin da ke gabana ƙofar bayan gida ce guda ɗaya.

Tef ɗin awona mai ruwan ɗorawa bai dawo ba har yanzu. Ina amfani da wani tsoho da lambobinsa suka goge, kusan da tunani nake awo. Na san inda wancan yake. Injiniya ce ta tafi da shi asibiti, ta ce za ta auna likita.

Injiniya jikata ce, 'yar Farfesa. Ko huɗu ba ta cika ba ta riga ta auna duk abin da ke gidan nan, ni, da Gwamnati, da randa, da kyanwar maƙwabta. Kuma kowa goma ne. Ni goma, kyanwa goma. Na ce mata da wannan lissafin za ta yi nisa a aikin kwangila.

Zan sayi wani tef ɗin. Ba yau ba.

Alhamis, bayan magariba

Gwamnati ta kasa riƙewa, ta gaya wa matar Yaya, matar Yaya kuwa gidan rediyo ce mai zaman kanta. Sai ga Yaya da kansa, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun muna yara ya ɗauki kansa mataimakin mahaifinmu, kuma har yau ba a sallame shi ba.

Ko zama bai yi ba ya ce, "Abin da nake ji gaskiya ne?"

Na ce, "Ya danganta da tashar da ka kama."

Ya ce, "Kai komai wasa! A gidanka a ce babu Allah, kana zaune kana shan shayi?"

Na ce, "Yaya, a tsaye ma na gwada, shayin bai canja ba."

Ya ce abu biyu ne, ko a tara mata mutane a yi mata magana har ta dawo hanya, ko ta tattara ta bar gidan. Ya ce muddin tana nan a haka, shi ba zai ƙara cin abinci a gidana ba. Na ce to ko ba komai tukunyarmu za ta fara kaiwa dare. Ya kira ni da sunan da mahaifiyarmu take kirana in na fasa kwano.

Da ya kai bakin ƙofa na bi shi, na rage murya na ce, "Yaya, kai ne ka ɗauki jikar nan tawa a hannunka ranar da muka kai ta makwancinta. Ka san nauyinta. Uwar ce wannan."

Ya tsaya. Ya gyara hula. Ya ce, "Duk mun rasa. Amma ba mu zagi Mai Sama ba." Ya fita.

Ba ta zagi kowa ba. Cewa ta yi ba ta ji an amsa ba.

Ba za a tara mata kowa ba, kuma ba inda za ta. Ni na kafa ƙofar gidan nan.

Juma'a, bayan an sauko

Na tare Liman bayan mutane sun watse. Yaro ne, sa'an Farfesa, amma yana da kai. Na ce ina da wani aboki da 'yarsa ta ce kaza da kaza. Ya ce, "Allah sarki. Yaya Farfesa take?" Ashe abokin nawa duk unguwa an san shi.

Na ce ya ba ni hujja mai ƙarfi, irin wadda ba ta da amsa. Ya ce, "Baba, ba gardama take nema ba. Kar ka kore ta, kar ka matsa mata. Zuciya ba a hannunka take ba, kuma ba a hannuna take ba." Na ce ni fa na yi ƙofar masallacin nan ko sisi ban karɓa ba, ba za a ɗan duba ni ba? Ya yi dariya ya ce ba shi ne mai dubawar ba.

Ni dai ina da Allah. Wannan ba abin da ya taɓa shi. Abin da na lura kawai, in na ɗaga hannu bayan salla sai in tsaya haka nan, hannu a sama, baki ba kalma, kamar wanda ya je shago ya manta abin da aka aike shi. Sai in shafa. Na san Ya san saƙon.

Asabar, bayan asuba

Na buga. Biyu, sannan ɗaya. Na faɗi abin da na saba faɗa. Shiru.

Yau ban wuce nan take ba, takalmina ne ya cire. Ina sunkuye sai na ji ta. Irin kukan da ake yi da matashin kai a baki don kar a ji.

Sai na tuna. In sun zo hutu, ba Farfesa ke amsawa ba. Injiniya ce take riga ta, da ƙarfinta, har maƙwabta su ji, "Ana zuwa, ɗalibi!"

Ashe kullum da asuba ni nake zuwa da hannuna in fama mata ciwo, in wuce masallaci ina jin na yi aikin lada. Ka ji kan aji biyar.

Na daina. Ba sai an gaya mini ba. Ba kuma zan ce mata komai ba, don kar ta ji kunyar na ji kukanta. Liman ya ce kar a matsa, to ga rashin matsi, har da gyara.

Lahadi, bayan asuba

Na wuce ƙofarta a kan yatsun ƙafa, takalmi a hannu, kamar ɓarawon da ya shigo gidansa.

Litinin, da yamma

Na ɗiga wa ƙofar ɗakinmu mai, da ta waje, don kar ƙararsu ta tashe ta. Yanzu gidan nan da asuba ko numfashi ba ka ji. Gwamnati ta ce gidan ya zama kamar asibiti, sannan ta kama bakinta.

Laraba, bayan asuba

Hannuna na dama ya ɗaga da kansa da na zo daidai ƙofar. Na hagu ya kamo shi. Mun yi sulhu a bakin titi.

Dabara tana aiki. Ban ƙara jin kuka ba.

Alhamis, da azahar

Farfesa ta gaishe ni yau har da rusunawa. "Ina kwana, Baba. An tashi lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, ranki ya daɗe, daga wace ma'aikata?" Ta yi ɗan murmushi irin na bakin kanti ta wuce.

Da can ba ta gaishe ni haka. Da can sai ta ce, "Ɗalibi, ka aske gemun nan ko in rage maka maki." Amma ladabi ai ba laifi ba ne. Alama ce hankalinta yana kwanciya. Na gaya wa Gwamnati ta zuba ido ta ga aikin gwani. Ta ce, "Gwanin me?" Hassada ce.

Asabar, da hantsi

Yaya ya wuce ta gaban shago, ya yi sallama bai tsaya ba. Na amsa masa har da ƙari.

Litinin, bayan la'asar

Na dawo na tarar da tef ɗina mai ruwan ɗorawa a kan teburina, an goge shi tas. Akwai ɗan zanen fure da aka yi da jan biro a bayansa. Wannan ba a goge ba.

Na ce wa Gwamnati, "Kin gani? Farfesa ta fara sakin abubuwa. Sauƙi ne ke zuwa."

Gwamnati ta dube ni irin kallon da take yi wa nama in mahauci ya cuce ta. Ta ce, "Malam, wani lokaci ina rasa gane ko wayo ne ya yi maka yawa ko babu shi ne gaba ɗaya. Mutum in ya fara mayar da kayan mutane, me yake shiri?"

Ban sa tef ɗin a aljihu ba. Yana nan inda ta ajiye.

Talata, da safe

Farfesa ta nemi canjin wurin aiki, an ba ta. Wata makaranta ce can nesa, inda mota ke kwana a hanya, ba ta san kowa ba, ba wanda ya san ta. Ran Lahadi za ta tafi. Ta gaya wa Gwamnati, ni ba ta gaya mini ba.

Ni ban damu ba. Ba za ta tafi ba.

Talata, bayan azahar

To in ta tafi fa?

Laraba, da yamma

Na yi wani abu da ba zan so a karanta a ranar jana'izata ba.

Tana makaranta na shiga ɗakinta na ga akwatinta a buɗe, an fara jera kaya. Na duba hannun akwatin, lafiyarsa ƙalau. Na sa sukudireba na kwance shi, sai ya zama ba lafiya. Na juye kayan a kan gado a hankali, na ɗauki akwatin na kai shago. Na ce wa Gwamnati in an tambaya ta ce hannun ne ya lalace, na kai gyara, kuma irin ƙusarsa sai an yi oda daga waje.

Gwamnati ta ce, "Tsoho da kai, da furfura, kana satar akwati."

Na ce ba sata ba ce, tsare kaya ne har a gama bincike. Ai ita ce Gwamnati, ta san tsarin.

Alhamis, bayan magariba

Farfesa ta zo shago da kanta. Rabonta da shagon nan tun ranar da suka zo da Injiniya aka auna zarto.

Ina fere wata ƙofa na ga inuwa. Ta ce, "Baba, akwatina."

Na ce ƙusar ba ta iso ba, jirgin ruwa ne ya samu matsala.

Ta miƙa hannu kan teburin aiki ta ɗauko ƙusoshin guda huɗu da na ajiye a murfin kwalba. Ni da ɓoye abu, sai a hankali. Ta ce, "Me ya sa kake haka? Kai ka sallame ni, kuma kai ka riƙe akwati?"

Na ce, "Ni? Yaushe?"

Ta ce, "Ka daina buga mini ƙofa."

Na buɗe baki ta ɗaga hannu, irin yadda take yi wa ɗalibanta. Ta ce, "Bari in gama. Da Baffa ya zo na ji duk abin da ya faɗa. Kwana biyu bayan nan ka daina. Kullum ina farke. Ina jin ka kana wucewa da takalmi a hannu, kamar akwai gawa a ɗakin. Har mai ka sa wa ƙofofi don kar in ji fitarka. Na ce to, Baba ba zai iya cewa in tafi da bakinsa ba, shi ya sa ya faɗa da hannunsa. Na gane. Ban yi fushi ba."

Na ajiye abin fere katako don kar in fere yatsana. Na ce, "Farfesa, duk karatun nan naki, ashe ke ma aji biyar ce? Kukanki na ji. Na ga ni nake tayar miki da shi kullum. Na ce bari in raga miki."

Ta ce, "To ai kukan nawa ne. Wa ya ce ka hana ni? Duk gidan nan ba mai kiran sunanta. Mama ta ɓoye takalmanta, kai ka ce 'abin da ya faru'. Wannan bugun ne kaɗai ya rage da nake jin muryarta a ciki."

Garin katako ya shiga mini ido. Shagon nan yana buƙatar taga.

Ta zauna a kan ƙofar da nake aiki a kai. Can ta ce, "Baba, a asibitin nan ba irin roƙon da ban yi ba. Na yi azumi, na yi sadaka, goshina har ya yi tabo. Na ce a ɗauke ni a bar ta. Na buga, na buga, na buga. Ba ko tari daga ciki."

Ina da amsoshi. Na ji wasu a wa'azi, wasu ni na ƙera su da kaina. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi daidai da firam ɗin wannan ƙofar. Sai na ce, "Ni ma na buga. Ni ma ban ji ba."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "To me ya sa kake komawa kullum?"

Na ce, "Ke ma ai makonni na yi ina bugawa ba ki amsa ba. Ban taɓa cewa ba kowa a ɗakin ba."

Ta ce, "Wannan ba hujja ba ce, Baba. Ni ka ga shigata."

Na ce na sani. Na ce ba hujja na kawo ba, tambayata ta yi na gaya mata yadda nake. Ta ce ita ba ta nan wurin, kuma kar in sa rai. Na ce sa rai nawa ne, kamar yadda kuka nata ne, kowa ya riƙe kayansa.

Ta miƙe. Na ce, "To in na buga gobe me zan ce? Laccar ai salla ce, kin kuma ce an rufe makarantar."

Ta ce, "Kai ka sani. Kai ne mai surutu."

Ta tafi. Ƙusoshin suna hannunta, akwatin yana wurina. Ban san wa ya ci wannan zagayen ba.

Juma'a, bayan asuba

Na tsaya gaban ƙofar har ladan ya kusa gamawa. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba.

Na buga. Biyu, sannan ɗaya. Na ce, "Farfesa, ba lacca. Ɗalibi ne ya zo duba ko kina ciki."

Shiru. Na ji motsin bargo. Na ji an ja hanci.

"Ina ciki."

Na tafi masallaci da takalmina a ƙafa, ina taka ƙasa da ƙarfi kamar soja. Raka'a ɗaya ta wuce ni. Da na ɗaga hannu yau na samu abin faɗa, kalma biyu ce, amma ta fi jiya.

Asabar, da yamma

Na faɗi sunan Injiniya a wajen cin abinci, sunanta na gaskiya. Na ba da labarin ranar da ta auna Yaya yana salla, ta jira ya yi sujada ta sanar cewa ya ragu. Gwamnati ta yi dariya har ta koma kuka, Farfesa ta yi kuka har ta koma dariya. Ni na ci abincin kowa.

Lahadi, da hantsi

Yau Lahadi. Ba wanda ya yi maganar mota. Ni kuwa ba ni zan tuna wa mutane abin da suka manta ba.

Talata, bayan la'asar

Yaya ya zo shago, wai sakatarsa ce ta lalace. Na duba, lafiyarta ƙalau. Ashe abin a jininmu yake.

Ya ce, "Tana nan?" Na ce tana nan. Ya ce, "Ta fara?" Na ce ba ta fara ba. Ya ce to shi yana kan bakansa. Na ce ya zauna a kai, Allah Ya ba shi lada, ƙofar gidana dai ta ciki da ta waje duk na sa musu mai, ba mai jin shigowar wani. Ya ce in gaya mata yana yi mata addu'a. Na ce ya gaya mata da kansa, ba ni da lasisin kai saƙo. Ya karɓi sakatarsa bai biya ba, ai ban yi komai ba.

Laraba, da safe

Ina ciki, in ji Farfesa. Kullum haka. Wata rana da kuka, wata rana babu.

Gwamnati ta shimfiɗa mata darduma a kan kujera, wai mantuwa ta yi. Farfesa ta naɗe ta da kyau ta mayar mata ɗaki. Na ce wa Gwamnati ta bar harkar dabara ga masu ita.

Juma'a, da hantsi

Mura ta kama ni jiya, Gwamnati ta ɗura mini wani magani da zai iya kwantar da doki. Tun da na yi aure ban taɓa makara ba sai yau. Ban ji ladan ba, ban ji zakara ba. Gwamnati ma da ta dogara da ni tana ta minshari, ko da yake za ta musa.

Cikin barci na ji kamar ana bugu. Na ce mafarki ne. Aka sake. Biyu a jere, sannan ɗaya.

"Ɗalibi. Ka makara."

Na diro daga gado na sa riga a baibai. Na buɗe na gan ta tsaye, ta yafa bargo, da buta a hannu. Ruwan ma ta ɗumama saboda murar.

Na buɗe baki zan yi hamdala. Ta ce, "A'a, Baba. Kar ka fara. Ban ce na dawo ba. Cewa na yi ka makara."

Na ce, "To ke da kika ce ba kowa a can, ina kike tura ni?"

Ta ce, "Inda kake zuwa. Yi sauri, za su tayar."

Na karɓi butar. Na ce, "Ana zuwa, Farfesa."

Na samu jam'i da ƙyar, a sahun ƙarshe, kusa da takalma. Na gaya Masa duka, har da rigar da ke baibai.

Akwatin yana shago har yanzu, na ɗora gwangwanin gam a kai. Ƙusoshin suna wurinta, ba ta kawo ba, ban tambaya ba. Na sa tef ɗina a aljihu. Akwai matar da ta zo neman gadon yaro kwanaki, zan aika a ce mata aiki ya ragu.